Daga Allurar Awaki zuwa Jami'a

Da na fita takaba, sai na koma gidanmu a Burumburum da 'yata a goye, lokacin ba ta daɗe da fara tafiya ba. Mijina ya yi gajeruwar jinya a ƙarshen damina, kafin a kai ga yankan dawa Allah ya yi masa rasuwa. Danginsa sun yi mini kirki, ba ni da abin cewa a kansu, sai dai gidan a cike yake, ɗakin da muke ciki ma ƙaninsa na jiransa don ya sa amarya. Na haɗa kayana na dawo ɗakin da na tashi a cikinsa.

Gidanmu na noma ne da kiwo. Baffa, haka muke kiran mahaifinmu, yana noma dawa da masara, yana kuma da 'yan shanunsa a bayan gari. Da Fillanci muke magana a tsakar gida, in mun fita mu yi Hausa. Na gama sakandare kafin a yi mini aure, amma tun da na ajiye takardar a ƙasan akwati ban sake dubanta ba.

Watannin farko ban san me nake ciki ba. In tashi in taya Inna tatsa da burkar nono, in share tsakar gida, in zauna. Ƙawayena na makaranta kowacce tana ɗakin mijinta. Masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Abin da ya rage sai tambayar da mata ke yi wa Inna a bakin rijiya, wai ko wani ya fito. Ni kuwa zuciyata ba ta kai nan ba tukuna.

Yayana ne ya zo da maganar. Yakan kai shinkafa kasuwar Tudun Wada, a can ya ji ana neman mata masu karatu da rubutu, za a koya musu yi wa awaki da tumaki da kaji allurar rigakafi. Dalilin shi ne ƙananan dabbobi na mata ne, a cikin gida suke ɗaure, ma'aikata maza kuwa iyakarsu zaure. Ya faɗa wa Baffa bayan sallar la'asar, ina daga gefe ina tsince wake.

Baffa ya juyo ya dube ni. "Ke kina so?"

"Ina so, Baffa."

"To, ki je. Na ga zaman nan ba abin da yake rage miki. Amma yarinya ta zauna wajen Innarki, kada ki riƙa yawo da ita a rana."

A wani ɗakin taro na sashen noma aka koyar da mu. Malaminmu dattijon likitan dabbobi ne mai sanyin murya, in ba ka matsa gaba ba ba za ka ji shi ba. Ya koya mana yadda ake matse akuya tsakanin gwiwoyi a ɗaga fatar wuyanta, yadda ake zuƙo magani ba tare da iska ta shiga sirinji ba, yadda ake ɗiga wa kaza magani a ido, da yadda ake ajiye kwalaben rigakafi cikin kula, wato akwatin sanyi, da ƙanƙara, don in suka ji zafi sun zama ruwa kawai. Ni da na tashi cikin dabbobi kama su bai zame mini aiki ba. Allurar ce ta ba ni tsoro. Ranar da na fara tsira ta, akuyar ta yi kuka ni ma na kusa yi.

Ranar da muka gama, da ya miƙo mini takardar shaida, ya ce, "Kada ki raina ta. In kika haɗa ta da ta sakandare, kika yi aiki na 'yan shekaru, akwai kwalejin da za ta karɓe ki." Na ce masa to, don girmamawa. A raina ina ganin iyakar tafiyar ke nan.

Sauran matan an bar kowacce a garinta. Ni aka tura ni Doguwa, saboda ina jin Fillanci kuma rugage sun fi yawa a can. Aikin wucin gadi ne. Na tafi na bar 'yata tana barci a bayan Inna, don na san in ta farka ba zan iya fita ba.

An sama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji, saboda haka hirarmu ba ta wuce gaisuwa da nuni da hannu. Abokin aikina wani malamin gona ne da ya manyanta, shi ke ɗaukata a babur. Mu ratsa gonakin masara da rake, mu bi ta gindin duwatsu, in rafi ya cika mu sauka ya tura babur ni kuma in ɗora kula a ka in tsallaka. In mun isa ƙauye ya tsaya wajen maza da shanu, ni in shiga gidaje. Mutumin kirki ne amma ba ya magana. Za mu yi tafiyar rabin yini abin da zai ce bai wuce "riƙe da kyau" ba.

Da farko matan ba su yarda da ni ba. Wasu suka ce allurar za ta hana awaki haihuwa, wasu suka ɓoye kajinsu a ƙarƙashin gado. Da shekara ta zagayo, annobar kaji ta shigo ta tsallake gidajen da suka bari na yi, sai ga shi ana aiko mini. Suka sa mini suna likitar awaki. A dama mini fura, a ƙulle mini gyaɗa ko ƙwai a gefen zane. Duk da haka baƙuwa ce ni. In na shiga gida hirar da na tarar takan tsaya, sai na ɗauki kulata na kai zaure in ji ta ci gaba a bayana, da dariyarta.

Kafin magariba nake komawa ɗaki. In tafasa sirinji in shanya, in ɗora tukunya. Ban taɓa sanin girkin mutum ɗaya yana da wuya ba sai a Doguwa. Kullum sai ya yi yawa, in kai wa tsohuwa ragowar, ta sa mini albarka da ƙarfi har maƙwabta su ji. Waya ba ta kamawa a cikin gidan, sai na hau wani falalen dutse da ke baya. Daga can nake kiran yayana, ya kai wa Inna wayar, Inna ta kara wa yarinya a kunne. Ba ta magana. Numfashinta kawai nake ji, da kukan 'yan maruƙa daga nesa, sai Inna ta karɓa ta ce, "Ta gaishe ki." A ƙarshen kowane wata nake zuwa gida in kwana biyu in dawo.

A damina ta uku wani abu ya faru a wata ruga da ke kan hanyar Riruwai. Akwai wata mata sa'ar Inna, mai garken awaki da ta tara tun tana amarya. Da su take yi wa 'ya'yanta komai. Na yi musu rigakafi a farkon ruwa, kamar yadda aka tsara. Da damina ta yi tsakiya ta aiko a kira ni. Na tarar da awakin sun rame, ƙarƙashin haɓarsu ya kumbura, suna gudawa, in ka buɗe fatar idonsu fari fat. Ta riga ta binne wasu, wasu kuma an yanka su kafin su mutu.

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna kusa da ni. Ba da faɗa ta yi tambayar ba.

"'Yata, ke da kika san abin nan, me ke kashe su?"

"Wallahi Inna ban sani ba. Ba cutar da na yi musu allurarta ba ce."

"To wace ce?"

Abin da aka koya mini ya ƙare a nan. Muka zauna muna kallon wata akuya da ta kasa tashi, ɗanta na zagaya ta yana neman nono.

Na kai rahoto ga shugaban sashenmu, shi kuma ya nemi likita daga birni. Hanya ta lalace da ruwa, kafin likitan ya samu zuwa garken ya kusa ƙarewa. Ya duba su, ya tambayi inda suke kiwo, aka nuna masa fadama. Ya ce tsutsar ciki ce da ta hanta, maganinta na ɗura ne, ana samunsa a kasuwar Doguwa. Yana faɗa yana wanke hannu, don a wurinsa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Matar ta yi masa godiya, ta yi mini godiya. A hanyar komawa ina bayan babur ina share ido da gefen hijabi, malamin gona bai waiwayo ba.

Washegari na shiga ofishin shugaban sashe na tambaye shi game da kwalejin nan. Ya ce akwai, ana yin difloma kan lafiyar dabbobi ga masu aiki, ana karatu Juma'a da yamma da kuma Asabar, ba sai mutum ya bar aikinsa ba. Ya duba takardar sakandarena ya ce ilimin sinadarai ne bai cika ba, sai na sake rubuta shi. Na nemi tsofaffin littattafai wajen wani malamin sakandare na garin, na yi ta bita a kan tabarma. Ranar jarrabawa na zauna a aji cikin yara masu kayan makaranta, mai gadin jarrabawar har ya ɗauka na rako wata ne. Allah ya taimake ni na ci.

Da na kai wa Baffa maganar, ya ce, "Karatun zai hana ki aiki?"

"A'a, Baffa."

"Zai hana ki zuwa gida?"

Na ce masa zan riƙa ƙoƙari. Ya gyaɗa kai.

Karatun kuwa ya hana ni zuwa gidan. Kwanakin da nake zuwa gida su ne suka koma kwanakin karatu. Ranar Juma'a da safe in shiga mota a Doguwa, mu ratsa dajin Falgore, mu wuce Tudun Wada, mu fita Kwanar Ɗangora mu miƙe Kano. Akwai mahaɗar da ake sauka in za a shiga garinmu. Duk mako sai na wuce ta sau biyu, tafiya da dawowa, in ga 'yan acaɓa a inuwa suna jiran fasinja, wani lokaci har in gane wani ɗan unguwarmu. Ban sauka ba, don in na sauka na rasa darasin yamma, in kuma dawowa ce na rasa motar ƙarshe. A Kano ina kwana a gidan wata 'yar'uwar Inna, a ɗakin yara, in tashi da asuba in nannaɗe katifata.

Ajinmu duk ma'aikata ne, yawanci maza magidanta, kowa a gajiye. Ana tashi kowa ya kama hanyar tasha. Amma karatun ya shiga raina. A nan na fara leƙa madubin ƙara girma na ga ƙwan tsutsar nan a cikin kashin akuya, ɗan ƙanƙani mai ruwan ɗorawa. Na daɗe ina kallonsa har na bayana ya ce in ba shi wuri.

Zuwana gida ya koma sai da Sallah da hutu. A wannan tsakani 'yata ta iya magana sosai, ta shiga makarantar allo, sannan firamare. Ƙannena na gida suna kirana Adda, wato babbar yaya, ita ma sai ta bi su. Mahaifiyata kuma ita take kira Inna. Karon farko da na ji, na dubi Inna ina jiran ta gyara mata. Ta ce, "Bar ta, ta san ko ke wace ce." Na bar ta. In na zo da tsaraba ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta gode, ta kai wa Inna ta ajiye mata.

Lokacin jarrabawar ƙarshe ta difloma na lura duk kiran da na yi sai yayana ya ce yarinya ta fita wasa, ko ta yi barci. Hankalina na kan karatu, ban kawo komai ba. Da na gama na sauka a mahaɗar nan na shiga gida. Na tarar da ita kwance a ɗakin Inna, ta rame, jikinta duk tabon ƙyanda, leɓenta a bushe. Ta fara samun sauƙi, har tana shan kunu. Sun kwana da ita a asibitin Tudun Wada, akwai ranar da suka fitar da rai.

Na fito tsakar gida na samu Inna tana wanke ƙwarya.

"Inna, me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Baffanki ne ya hana. Ni ma na ga daidai ne."

"'Yata ce fa."

"Ba wanda ya ce ba taki ba ce. Da mun gaya miki za ki taho ki bar abin da kika yi shekaru kina wahala a kansa, ki zo ki zauna kamar yadda muka zauna. Mun zauna miki."

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, na kai hannu zan taɓa goshin yarinyar. Ta buɗe ido ta gaishe ni, sannan ta tambaye ni ina Inna.

Na ci difloma da sakamako mai kyau. Wani malaminmu ya ce da irin wannan sakamakon jami'a za ta ɗauke ni kai tsaye a aji biyu, ba sai na fara daga tushe ba. Na yi shekara guda ina juya maganar. Aikina ba shi da hutun karatu, in zan tafi sai na ajiye shi. Na kuma san jami'a ba ta Juma'a da Asabar ba ce. A ƙarshe na nema, aka ba ni gurbi a sashen kimiyyar kiwon dabbobi. Na yi sallama da tsohuwa mai daddawa, ta riƙe hannuna tana ta magana da ƙarfi, ta cika mini leda da daddawa. Malamin gona ya kai ni tasha da kayana, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya juya babur ɗinsa.

A ɗakin kwanan ɗalibai na samu gado cikin 'yan mata da na girme su da shekara goma ko fiye. Anti suke kirana. Suna girmama ni ƙwarai, har ya yi yawa. In na shigo su rage sautin waya, su gyara zama, mai ba da labarin saurayi ta haɗiye sauran. Su sun yi aji ɗaya tare, sun riga sun ƙulla ƙawance, ni na faɗo musu a tsakiya. A aji kuma na tarar an yi mini nisa a lissafi da Turanci. Kwamfuta ban taɓa taɓa ta ba. Wata yarinya 'yar cikin birni mai gado kusa da nawa ta zauna ta koya mini da haƙuri, tana kama yatsana tana ɗora shi a kan madannai. Ranar da na rubuta shafi guda da kaina ta tafa mini. Da Juma'a ta zo aka aiko mota daga gidansu ta tafi, kamar yadda yawancinsu ke tafiya. Ɗakin ya zama nawa har Lahadi. In yi wanki, in yi karatu, in fita in zauna kusa da garken gonar jami'a, don warin wurin ya fi kama da gida.

Da hutu nakan yi aiki a wata gonar kaji a Bebeji. Takardar diflomata ce ta sama mini shi. Ina kula da rigakafi da tsabtar ɗakuna, da abin da na samu nake komawa makaranta.

Ina aji uku Baffa ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Wannan karon an gaya mini. Na je wajen shugaban sashenmu na jami'a ina zaton ƙarshen karatuna ya zo. Ya saurare ni, ya ce akwai damar jingine karatu na shekara guda, gurbina zai jira ni. Ban san ana haka ba. Na yi abin da ya ce, na tattara na koma Burumburum.

Watannin nan su ne mafi tsawo da na yi tare da 'yata tun tana goye. Ta kusa gama firamare. Tabarma ɗaya muke kwana. Ita ke nuna mini inda ake ajiye abubuwa a gidan da aka haife ni, ta ce ba a nan Inna ke sa maburgi ba, Baffa ba ya son kunu da tsami. Mu biyu muke juya shi, mu shafa masa mai a ƙafa. Ba ma doguwar hira, amma na san tafiyarta, na san yadda take tura baki in an aike ta tana wasa. Da jinya ta yi tsawo, hidima ta yi wa yayana yawa, sai na koma gonar kaji na kama aiki sosai, ina zuwa gida duk mako. Baffa ba ya iya magana da kyau. Wata rana ina ba shi ruwa ya riƙe wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, ya yi ta ƙoƙari har na gane abin da yake tambaya. Yaushe zan koma makaranta. Na ce masa in an buɗe. Ya rasu da bazara, kafin ruwan farko.

Na koma na tarar 'yan ajinmu sun wuce, yarinyar da ta koya mini kwamfuta tana shirin fita. Na sake shiga cikin wasu sababbin fuskoki, na sake zama Anti. Haka na ƙarasa. Da muka gama, su aka tura su bautar ƙasa, suna ta murna da ɗinkin kaki. Ni shekaruna sun wuce, aka ba ni takardar yafewa. Ranar yaye ɗalibai yayana ne kaɗai ya zo, don Inna ba ta iya doguwar mota, yarinya kuma tana makaranta. Muka ɗauki hoto ɗaya, muka ci shinkafa a bakin titi, ya kama hanya don kada dare ya yi masa.

Yanzu ina aiki a Ƙiru, a wani shiri na bunƙasa kiwo. Ina zagaya ƙauyuka har zuwa Tiga, ina duba garkuna, ina kuma koyar da mata da matasa. Wasu daga cikinsu sun gama sakandare sun zauna, wasu ma sun gama jami'a ba su samu aiki ba, sun zo koyon abin da za su yi da hannunsu. Na kama gida mai ɗaki biyu, na sa gado da labule a na biyun.

Bara 'yata ta gama sakandare, sakamakonta ya yi kyau. Ta zo mini hutu. Na riga na gama tsara komai a raina: za ta dawo wurina, ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, ta tafi kai tsaye ba tare da zagayen da na yi ba. Na bari sai da muka je Tiga tare, na gama aikina, muka sayi kifi a bakin dam muka zauna a inuwa, sannan na faɗa mata.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Adda, ni ɗinki nake so in koya."

"Ɗinki kuma? Da wannan sakamakon?"

"Akwai wata mata a Tudun Wada da ke koyarwa, har da zane da yanka. Zan riƙa zuwa ina dawowa gida."

"Karatun fa?"

"Zan yi, in Allah ya so. In na iya ɗinkin zan nema, an ce har jami'a ana karantar harkar tufafi. Amma yanzu idon Inna ya yi rauni. Ba ta ganin zaren allura, ba ta gane kwalbar magani. In na tafi wa zai zauna da ita?"

Na buɗe baki zan ce matar yayana na nan, zan ce shekaru na tafiya. Sai na dube ta. Tana cire ƙaya daga kifi a hankali tana tara mini tsokar a gefen takarda, ba ta ko kallona. Ta riga ta yanke shawararta tun kafin ta zo, izini kawai take nema, shi ma don ladabi.

Na ce, "To, Allah ya sa albarka. Keken ɗinkin ni zan saya."

Ta yi murmushi ta ce ta gode.

Ranar da za ta koma ta aro abin awo wajen maƙwabciyata, ta ce in miƙe. Ta auna kafaɗata da hannuna da tsawona, tana maimaita lambobin a baki don kada ta manta. Ta ce rigar farko da za ta ɗinka da kanta tawa ce. Na raka ta Kwanar Ɗangora na sa ta a mota, na tsaya har motar ta cika ta tashi. Na dawo gida na cire zanin gadon ɗaki na biyu na wanke, na ninke, na ja ƙofar.

Bayan 'yan watanni wani direban Tudun Wada ya kira ni ya ce yana da saƙona. Na je tasha na karɓo leda. Doguwar riga ce ta atamfa shuɗiya, an yi mata guga an ninke da kyau. Hannun hagu ya ɗan fi na dama tsawo, wuyan kuma ya matse kaɗan. Washegari ina da koyarwa a wani ƙauye bayan Ƙiru. Na naɗe hannun hagun sau ɗaya, na sa hijabi a kai, na ɗauki jakata na fita.